Tsutsa Ba Ɗaya Ba Ce: Aikin Da Ke Jiran Masana Hausa a Illela

A farkon shekarar 2016 masana suka tabbatar da ɓullar tsutsar Spodoptera frugiperda a Nijeriya. Asalinta nahiyar Amurka ne, kuma jinsinta ɗaya da Spodoptera exempta, wadda ta daɗe tana cin hatsi a Afirka. Ana bambanta baƙuwar da zane mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiyarta. Amma da wane suna manomin Illela zai kira ta idan ya je sayen magani?

Matsalar ta wuce ta lafazi. Heliocheilus albipunctella tana rarake zangarniyar gero, kuma cibiyar INRAN ta Nijar tana yaƙarta da wani ɗan ƙwaro mai suna Habrobracon hebetor. Coniesta ignefusalis kuwa cikin kara take yin rani, don haka maganinta yana ga yadda ake ajiye karan bayan girbi. Baƙuwar ta Amurka cikin kan masara take ɓuya. Dukansu 'ya'yan malam-buɗe-littafin dare ne, sai dai kowace da maganinta. Idan sanarwar rediyo ta ce "tsutsa" kawai, manomi zai iya kashe kuɗinsa a kan maganin da bai dace ba.

Hausa ba ta gaza wajen raɗa suna ba. Manoman tumatir na Kano sun laƙaba wa Tuta absoluta sunan "sharon" ba tare da jiran kwamiti ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne daidaita irin waɗannan sunaye da na kimiyya, kamar yadda Dalziel ya yi wa tsirrai a 1916.

Illela ta fi ko'ina dacewa da fara wannan aiki. Kasuwarta tana haɗa manoman Sakkwato da na Birnin Ƙonni, masu Hausa ɗaya, amma malaman gonarsu wasu da Ingilishi suka yi karatu, wasu da Faransanci. Ya kamata masana harshe na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa kai da masana ƙwari, su tattara sunayen daga bakin manoma, kowane suna tare da hoton ƙwaron da irin ɓarnarsa, kafin faɗuwar damina.