Jini ba ya buga tamaula

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai maganar da ta ishe ni. Da zarar sunan Salma Paralluelo ya fito a fada, sai wani ya ajiye kofin shayi ya ce: "Ai tamu ce, jinin Afirka ne ke gudu a jikinta." Ni na ce wannan zancen ragwaye ne.

Ga wanda bai san ta ba: an haife ta a 2003 a Saragosa, ƙasar Sipaniya. Uba ɗan Sipaniya, uwa ƴar Gine Ekwatoriyal, wato ruwa biyu ce. Ta ɗauki kofin duniya na ƴan ƙasa da shekara 17 a 2018, na ƴan ƙasa da 20 a 2022, sannan babban kofin a 2023, tana da shekara 19. Ita ta jefa wa Holand ƙwallo a minti na 111 ta fid da su, ta sake ci a karawa da Suwidin. Ita aka zaɓa gwarzuwar matasan gasar.

To gudun nan daga ina ya fito? Tun tana ƙarama take kulob ɗin guje-guje a garinsu, tana tseren mita 400, har da na tsallake shinge. Tana ƴar shekara 15 ta wakilci Sipaniya a gasar manya ta Turai a Glasgow, a 2019. A 2021 jijiyar gwiwarta ta tsinke, ta sha jinya wata da watanni, ta dawo. A 2022 ta bar Villarreal ta koma Barcelona, ta ajiye guje-guje ta riƙe tamaula kaɗai. Fili, mai horarwa, likita, iyayen da suka ce "je ki", da zufarta: su suka yi Salma. Kai da ke kan benci kana cewa jini ne, me ka sa a ciki? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ku lura, maganar jinin nan ba yabo ba ce. Ita ce ta masu wariya da ke cewa baƙar fata ƙafa gare shi, ba kai ba. Bakin da ya ce "tamu ce" ranar nasara, shi zai ce barbarar yanyawa ranar da ta ɓarar da ƙwallo.

In jini ne, ku dubi ƙasar uwarta. Matan Gine Ekwatoriyal sun ci kofin Afirka a 2008 da 2012. Daga baya FIFA ta hana su neman shiga gasar duniya ta 2019, don sun sa ƴan wasan da ba su cancanta ba. Wanda bai yi shuka ba, hatsin wani yake kai wa rumbu.

Wani zai ce, alfahari laifi ne? A'a. Yarinya a Zinder ta ga mai kama da ita ta ɗaga kofi, abin murna ne. Amma yarinyar nan, ina za ta buga? Filin lakkwal na maza ne daga la'asar har magariba. Ita tana bakin murhu, ko tana talla. Wanda ke tafa wa Salma, in ya ga ƙanwarsa da balo, mari ne zai fara. In ka matsa ya ce sutura. To a gasar 2023 ɗin nan, Nouhaila Benzina ta Maroko da hijabinta ta buga.

Don haka ga abin da nake nema, ba ga minista ba, gare mu: yamma ɗaya a sati, mu sauka daga fili mu bar wa ƴan mata, mu tsaya mu kori masu yi musu dariya. Wanda ba zai iya wannan ba, ya kalli Salma ya yi shiru. Ta waɗanda suka ba ta fili ce.