Alƙaluman Ƙasa Na Bukatar Ƴan Ƙasa

Ran 18 ga watan Nuwamba na kowace shekara ƙasashen Afirka kan yi bikin ranar ƙididdiga, kamar yadda aka tsayar tun shekarar 1990 a ƙarƙashin hukumar tattalin arziki ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nahiyar nan. A wannan rana akan yi jawabai, a yaba wa ma'aikatan da ke ratsa ƙauyuka da rugage riƙe da takardun tambaya, kuma lalle sun cancanci yabo. Amma akwai wasu ma'aikata da ba kasafai akan ambace su ba, alhali kuwa in babu su wahalar masu shiga ƙauyuka ta tashi a banza. Su ne masu rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, umarnin da za ta bi ta tace amsoshin jama'a, ta haɗa su, ta fid da alƙaluman da hukuma ke aiki da su. Wajibi ne a ɗauki horon waɗannan ma'aikata da muhimmancin da ake ɗaukar horon malaman makaranta da na ma'aikatan likita.

Domin a gane nauyin aikin, sai a dubi ƙidayar jama'a. A shekarar 1977 aka yi babbar ƙidaya ta farko a Jamhuriyar Nijar, aka sami mutum miliyan 5 da ɗoriya. A 1988 an haura miliyan 7, a 2001 an kai miliyan 11, a 2012 kuwa an wuce miliyan 17. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane an rubuta shekarunsa, da garinsu, da sana'arsa, da matsayin karatunsa, da irin gidan da yake kwana. In aka ce a tara magatakarda su haɗa wannan lissafi da alƙalami da takarda, to, kafin su ƙare yaran da aka ƙidaya a goye sun isa shiga lakwal. Irin wannan jinkiri ne ya sa a Amurka, a ƙidayar 1890, aka koma ga injin wani mutum mai suna Herman Hollerith, wanda ke karanta amsoshi daga katin da aka huhhuda. Tun daga lokacin nan aikin ƙidaya ya ratayu a wuyan injin da kuma mutumin da ya san yadda ake ba shi umarni.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan manomi ko makiyayi da wannan sha'ani na ƴan biro? Ruwansa babba ne. Daga ƙidayar 2012 aka gane cewa jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara, wato ke nan cikin shekara 18 ko kusa da haka yawan jama'a kan ninka. Da irin wannan adadi ma'aikatar fasali ke sanin azuzuwa nawa za a gina, malamai nawa za a ɗauka, rijiyoyi nawa za a haƙa, da yawan allurar rigakafin da za a aika kowace gunduma. In adadin ya karkace, rabon ma ya karkace: wani gari ya sami aji babu yara, wani kuma yara su cika rumfar kara babu malami.

Zancen cimaka ya fi wannan tsanani. Dattawa ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, balle na 1984, lokacin da bisashe suka hallaka, mutane suka bar gidajensu. Saboda irin wannan masifa aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 domin bin sawun ruwan sama da amfanin gona a ƙasashen Sahel, daga baya kuma, a 1989, aka kafa tsarin gargaɗi tun da wuri game da ƙarancin cimaka. Amma matsalar 2005 ta koyar da wani darasi na dabam. Bayan ƙarancin ruwa da ɓarnar fara a damanar 2004, kuɗin tiyar hatsi ya yi tashin da talaka ya kasa saye, kuma jahohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda su ne rumbun ƙasa, suna cikin inda tamowa ta fi kama yara. Wanda ya dubi jimlar hatsin da aka girbe a ƙasa baki ɗaya kawai ba zai hango wannan ba. Sai an jera alƙaluman girbi kusa da na farashin kasuwanni, da na kuɗin dabbobi, da na awon yara a gidajen likita, gunduma bayan gunduma, wata bayan wata, sannan haɗarin ke bayyana tun da sauran lokaci. Wannan jerawa da gwamawa shi ne ainihin aikin da ake koya a azuzuwan nazarin ƙididdiga.

Akwai masu zaton da zarar an sayi kwamfuta an ƙare magana. Na'ura ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba. Abin da aka zuba mata shi take niƙawa. Ga misali. A fom ɗin tambaya akan sa wata lamba, kamar 99, a gurbin shekarun wanda bai san shekarunsa ba. In mai ba na'ura umarni bai gaya mata ta ware wannan lamba ba, sai ta ɗauka duk mutanen nan tsofaffi ne masu shekara 99, ta zuba su cikin lissafi, matsakaicin shekarun garin ya tashi sama babu dalili. Haka nan wani ma'aikaci ya rubuta girbi da dami, wani da tiya, wani da buhu, wani da kilo. Sai an mai da su duka awo guda kafin a haɗa. A wuraren da takardar haihuwa ba ta wadata ba mutane kan faɗi shekarunsu a dunƙule, 30 ko 35 ko 40, har adadin ya taru a kan waɗannan lambobi, kuma akwai hanyoyin lissafi na gane wannan da gyara shi. Sannan a binciken da ba a shiga kowane gida, kamar binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a 1992 da 1998 da 2006 da 2012, gidajen da aka zaɓa suna wakiltar saura ne, kuma kowane gida da nauyinsa a cikin lissafi, domin adadin gidajen da gida ɗaya ke wakilta a jahar Agadas dabam yake da na jahar Maraɗi. Wanda ya manta da wannan nauyi zai fid da tebur mai kyan gani, amma abin da ke ciki ƙarya ne, kuma babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa ta faɗakar da shi.

Kayan aikin kuwa, wato manhajojin ƙididdiga, sanannu ne. Akwai SPSS, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1968, kamfanin IBM ya saye ta a 2009. Akwai Stata, wadda ta fito a 1985. Waɗannan biyu na kuɗi ne, sai an biya izinin amfani da su, kuma da kuɗin waje ake biya. Akwai kuma waɗanda ake samu kyauta. CSPro, ta hukumar ƙidayar Amurka, an yi ta ne musamman domin shigar da amsoshin ƙidaya da bincike, har ta wayar salula. R kuwa malamai biyu ne na jami'ar Okland a ƙasar Niyu Zilan, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara ta a farkon shekarun 1990, kowa na iya ɗaukar ta a intanet ba tare da ya biya ko dala ba. Ga ƙasar da kowace jika ta baitulmali ke da wurin zuwa, hankali ya nuna a ba manhajojin kyauta babban rabo a cikin horo, domin ma'aikacin da ya koyi manhajar kuɗi kaɗai, ran da izinin ya ƙare hannunsa ya ɗaure.

Ba a ce ba a yin horo ba. Tun da dokar 2004 ta kafa Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, sha'anin ya sami uwa, kuma ƴan Nijar sun daɗe suna karatu a manyan makarantun ƙididdiga na Abijan da Dakar da Yawunde. Cibiyar AFRISTAT da ke Bamako, wadda aka kafa a 1993, ita ma tana taimaka wa ƙasashen da ke cikinta. Damuwar tana ga gajerun azuzuwan da akan shirya wa ma'aikata nan da can. Sau da yawa kwana biyar ne ko mako guda, a koya wa mutum inda zai danna, a ba shi takardar shaida, a watse. Wani lokaci wanda aka aika ba shi ne mai yin aikin ba, kuɗin zama ne ya kai shi. Akan yi gwaji da alƙaluman wata ƙasa mai nisa waɗanda aka riga aka share, alhali abin da ke jiran ɗalibin a biro tarin takardu ne masu giɓi da kurakurai. In kuma an dace mutum ya ƙware, sai a ɗauke shi a kai shi wani aiki, ko wata ƙungiyar waje ta janye shi da albashi mai tsoka. Ran da aka bukaci rahoto da gaggawa sai a ɗauko gwani daga waje, ya yi aikin, ya tafi da saninsa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata hukumomi su tsaya a kansu. Na farko, a fara da ilmin lissafin kansa kafin na'ura. Wanda bai san abin da ake nufi da matsakaici ba, ko dalilin da ya sa samfur kaɗan ke iya wakiltar jama'a mai yawa, koya masa manhaja kamar ba makaho madubi ne.

Na biyu, a koya wa ɗalibi rubuta umarni, kada a tsaya ga danne-danne. Umarnin da aka rubuta aka adana yana nan ko mai shi ya tashi. Wanda ya gaje shi zai karanta ya ga yadda aka yi, mai bincike zai iya sake gudanar da shi ya tabbatar da adadin, kuma baɗi in sabbin alƙaluma sun zo aikin wata guda ya koma na yini ɗaya.

Na uku, a yi horo da alƙaluman ƙasa: farashin kasuwannin Tawa, rajistar gidajen likita na Damagaram, yawan ƴan makarantar Dosso, bayan an cire sunayen mutane. Kuma horon ya zama daki-daki cikin watanni, ɗalibi ya koma biro ya gwada, ya dawo da abin da ya gagare shi. Kada a ba da takardar shaida sai ga wanda ya kammala wani aiki na ma'aikatarsa da hannunsa.

Na huɗu, kada komi ya tsaya a Yamai. Tun 2010 akwai jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, ban da jami'ar Abdu Mumuni ta babban birni. Suna da ɗakuna da malaman lissafi. In ma'aikatan gona da na kiwo da na lafiya na jahohi suka sami horo kusa da gida, kuskure zai riƙa fitowa fili tun a inda aka yi shi, wurin mutanen da suka san ƙauyen da ake magana a kai. A kuma tabbatar ƴan mata sun sami gurbinsu a waɗannan azuzuwa, domin aiki ne na natsuwa da kaifin hankali, kuma Allah bai keɓe wa maza waɗannan ba.

Na biyar, wanda aka horas a bar shi a kan aikinsa shekaru, a ba shi na'ura mai aiki da wutar da ba ta yankewa, a kuma buɗe masa hanyar ƙarin girma a cikin sana'arsa, don kada ya ga cewa sai ya bar ta zai ci gaba.

Wani zai ce kuɗin nan gara a sayi hatsi da su a zuba a rumbun tsimi, ko a haƙa rijiyoyi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin mai jin yunwa ba ya cin tebur ɗin lissafi. Sai dai hatsin da ofishin OPVN ke ajiyewa yana da iyaka, kuma sai da alƙaluma ake sanin gundumar da za a fara kai wa. Motar hatsi guda da ta tafi inda ba a matse ba, ta bar inda yara ke ramewa, hasararta ta fi kuɗin horas da ma'aikaci nesa ba kusa ba.

Jama'a su ma suna da nasu rabon. Tun zamanin da ake ƙidaya mutane domin lampo, dabbobi kuma domin jangali, tsoro ya zauna a zukata, har wasu kan ɓoye ƴaƴa ko su rage yawan garke in ma'aikaci ya zo. Ya kamata a sani cewa doka ta hana a bayyana amsar mutum ɗaya da sunansa. Jimla ake nema. A nan ne waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci za su yi babban amfani. Su ne masu iya karanta wa maƙwabta abin da ke cikin takarda, su riƙe rajistar haihuwa da ta rumbun gari, su taimaki sarakuna da masu gari wajen faɗakar da mutane. Duk gwanintar mai sarrafa na'ura, ba zai iya maido da yaron da aka ɓoye a bayan ɗaki cikin lissafi ba, kuma yaron da ba a ƙidaya ba ba a tanadar masa benci a lakwal.

Ƙasar da ke jiran baƙo ya gaya mata yawan ƴaƴanta da abin da ke cikin rumbunanta, da saura a ƴancinta. Ma'aikatun da abin ya shafa, da jami'o'i, da shugabannin jahohi, ya kamata su zauna tare su fid da tsarin horo mai ɗorewa, su sa masa kuɗi a cikin kasafin kowace shekara, domin duk ƙidaya ko binciken da za a yi nan gaba ya zama ƴan ƙasa ne suka sarrafa shi tun daga tambayar farko har zuwa tebur na ƙarshe. Allah ya ba shugabanni ikon yi, ya kuma kawo damana mai albarka.