Aljabara Daga Firamare Take Farawa

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa masu neman gurbin karatu a fannin fasaha da adabi ba sai sun ci kiredit a lissafi ba. Wasu iyaye sun yi murna, a zatonsu an sauke wa 'ya'yansu kaya. To amma sharaɗin yana nan daram ga duk mai son kimiyya, likitanci ko injiniyanci. Yaron Rimin Gado da ke wuce ƙofar Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo, ko yake hangen Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, lissafi ne zai buɗe masa ƙofar, kuma aljabara na cikin darussan da za su fara tarbarsa.

Ya ku 'yan'uwa malamai, wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidanmu. Sunansa ma daga littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 aka samo shi, kuma babban sashe na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubutu a kan hatimin lambobi wanda masana ke ambato har yau.

Mu ɗauki misalin gona, tunda yawancinmu daga aji sai fartanya. Takin yuriya na ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin ɗari. Idan malamin gona ya ce fili na buƙatar kilo 23 na sinadarin, taki nawa za a saya? 0.46x = 23, ke nan x kilo 50 ne, buhu ɗaya cif. Wanda bai iya wannan ba, ko dai ya yi asarar kuɗi ko ya cuci shukarsa. Da irin wannan lissafi ake auna batirin sola da maganin yaro gwargwadon nauyinsa.

Wannan x ɗin kuwa shi ne akwatin nan da muke zanawa a allo: □ + 7 = 12. Idan muka bar yara suna cinkar amsa ba tare da sun gane dalilin cire 7 daga kowane ɓangare ba, malamin sakandare rushasshen gini zai gada. Kuma ba boyayyen abu ba ne cewa da yawanmu ba lissafi muka karanta a kwaleji ba, ƙarancin malamai ne ya ɗora mana shi.

Tunda gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, muna kira ga SUBEB da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma su ware horo na musamman ga masu koyar da lissafi, su turo ƙwararru makarantun ƙauyuka. Kafin nan, wakilan makarantu su kawo wa sakataren reshe sunayen mambobin da suka yi NCE a lissafi, domin su jagoranci bitar da za mu riƙa yi wa junanmu sau ɗaya a wata.