Matirikis Ba Ya Lanƙwasa Layi

Akwai wata tambaya da kan taso a ajin aljabara, ɗalibai su yi ta gardama a kanta: shin jadawalin lambobin nan da ake kira matirikis zai iya wakiltar kowane irin sauyi, har da wanda ba miƙaƙƙe ba? Amsar ita ce a'a, kuma ya kamata malami ya faɗe ta ƙarara tun ranar farko. Barin ɗalibi cikin shakka a kan wannan batu shi ne mafarin kurakuran da ke bin sa har wurin aiki.

Da farko, mene ne miƙaƙƙen sauyi? Sharaɗi biyu gare shi. Idan aka ninka abin da aka shigar, abin da zai fito ya ninku daidai gwargwado. Idan kuma aka haɗa abubuwa biyu aka shigar da su tare, sakamakon ya yi daidai da jimlar abin da kowanne zai bayar shi kaɗai. Alal misali, mai awo da ba ya yin ragi: kuɗin mudu 4 na gero ninkin kuɗin mudu 2 ne, kuma kuɗin gero da dawa a haɗe shi ne kuɗin gero a tara da kuɗin dawa. Daga nan ne ake gane cewa sifiri dole ya haifi sifiri, domin wanda bai auni komai ba, ba ya biyan komai.

Shi ninkawa da matirikis, komai lambobin da aka zuba a cikinsa, yana cika waɗannan sharuɗɗa, domin aikinsa bai wuce ninka kowace lamba da ƙayyadadden adadi a tara ba. Saboda haka duk sauyin da ya saɓa musu ya fi ƙarfinsa. Gona mai kusurwa huɗu daidai ta isa shaida. Idan kowane gefe taku 10 ne, faɗin filin 100 ne. Idan aka mai da gefen taku 20, filin ya zama 400, wato ninki huɗu maimakon biyu. Babu matirikis ɗin da za a ninka tsawon gefe da shi ya ba da wannan amsa ga kowace gona. James Sylvester, wanda ya raɗa wa jadawalin suna a 1850, da Arthur Cayley, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin lissafinsa a 1858, sun gina shi ne a kan miƙaƙƙun sauye-sauye, kuma ƙa'idar ninka matirikis biyu ta samo asali ne daga jera irin waɗannan sauye-sauye ɗaya bayan ɗaya.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, kuma sun cancanci a saurare su. Hujjarsu ta farko ita ce zane a kwamfuta, inda ake gusar da hoto daga wuri zuwa wuri da matirikis, alhali gusarwa tana ɗauke sifiri daga mazauninsa. A duba sauya ma'aunin zafi daga Salshiyos zuwa Faranhait: a ninka da 1.8, a ƙara 32. Digiri 10 ya zama 50, digiri 20 ya zama 68, ba 100 ba. Dabarar ita ce a liƙa wa kowane adadi lamba 1 a gefensa, sai 32 ta sami abin da za ta ninka, ta shiga cikin jadawalin. Tushen wannan dabara yana cikin aikin August Möbius na 1827. Sai dai abin lura shi ne, an ƙara wa fagen lissafin fuska guda ne, kuma a wannan sabon fage sauyin miƙaƙƙe ne sarai. Hatta zanen da ke nuna nesa da kusa sai an raba lambobi bayan matirikis ya gama nasa, kuma a wannan rabawar lanƙwasar take.

Hujja ta biyu ita ce matirikis ɗin da ke ɗauke da sunan Carl Jacobi, masanin Jamus da ya yi rubutu a kansa a 1841. Da shi injiniyoyi ke kwatanta lanƙwasasshen sauyi a kusa da wuri guda, kamar yadda mai tsaye a fili ke ganin ƙasa shimfiɗe alhali duniya ƙwallo ce. Amma kama da wane ba ta wane. A lissafin lilon agogo, idan aka ɗauka ƙarfin da ke maido shi yana tafiya daidai da karkatarsa, kuskuren bai wuce kusan rabin kashi 1 cikin 100 ba a digiri 10. A digiri 60 kuwa ya haura kashi 20. Wanda ya manta iyakar kwatancen ya yi gini a kan yashi. Haka ma wanda ya zaci ninka taki zai ninka amfanin gona har abada: ƙasa takan ƙoshi, ƙari ya zama asarar kuɗi, wani lokaci ma ya ƙone shuka.

Na'urorin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara fito da gaskiyar lamarin. Cikinsu cike yake da matirikis, amma da a ce su kaɗai ne, da hawa ɗari bai fi hawa ɗaya ba, domin matirikis ɗari idan aka ninka su ɗaya suke komawa. A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert sun nuna cewa irin wannan na'ura mai hawa ɗaya ba ta iya warware ƙaramar matsalar "wannan ko wancan, amma ban da duka biyun". Shi ya sa ake saka wani ɗan mataki lanƙwasasshe tsakanin hawa da hawa, kamar mai da duk lambar da ta gaza sifiri zuwa sifiri.

Gyaran da ake bukata a ajin jami'a ba mai tsada ba ne. Maimakon a fara da haddar yadda ake ninka jeri da jeri, a fara da sharuɗɗan nan biyu, a ba ɗalibi sauye-sauye iri-iri ya gwada su da kansa: juyawa, miƙewa, gusarwa, faɗin gona. Sa'an nan a nuna masa cewa kowane jeri na tsaye a matirikis yana faɗin inda sauyin ya kai ɗaya daga kibiyoyin asali, shi ya sa lambobi huɗu kacal suka isa su bayyana makomar kowane ɗigo a shimfiɗaɗɗen fili. A jarrabawa kuma a riƙa tambayarsa dalilin da ya sa wani sauyi ba shi da matirikis. Ɗalibin da ya iya amsa wannan zai san lokacin da jadawalinsa ke faɗin gaskiya dungurungum, da lokacin da yake kwatance kawai, kuma a kan wannan bambanci ne ingancin gada, da lissafin taki, da hasashen kasuwa suka rataya.