Nauyin Ƙirji: Ba Kowace Tiyata Ce Son Ƙawa Ba



'Yan uwa, na daɗe ina jinkirta wannan magana, don na san irin kallon da za a yi wa Bahaushiyar da ta ɗauki alƙalami ta ce za ta yi rubutu a kan nono. To amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma abin da na gani a gidanmu ya nuna mini cewa shirun da muke yi yana cutar da mu. Na nemi izinin wadda abin ya shafa, ta ce in rubuta, sharaɗi dai kada in kama sunanta.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A nan Minna aka haife mu, a unguwar Limawa, domin kakanmu ya baro ƙasar Katsina tun zamanin da hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano ta mai da garin nan matattarar 'yan kasuwa. Tun tana budurwa Allah Ya yi ta mai cikar ƙirji, har ƙawaye na yi mata tsiya wai ta gama sa'a. Bayan haihuwa biyar, abin da ake kira sa'a ya zame mata kaya. Sana'arta ɗinki, amma ta kai ba ta iya awa ɗaya a kan keke ba tare da wuya da gadon baya sun riƙe ba. Igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗu biyu. In watan Maris da Afrilu suka kama, kowa ya san zafin Minna, ƙasan ƙirjinta sai ya yi ƙuraje, fatar ta saɓe, ga raɗaɗi ga wari. Ko ruku'u da sujada sai da dabara.

Me muka yi mata? Abin da muka saba. Hajiyarmu ta ce nauyin shekaru ne, ta yi haƙuri. Wata ƙawa ta haɗa ta da wata mai sayar da kayan mata a WhatsApp, aka yi ta aiko mana da man shafawa da garin sha ta tashar mota, wai na “ɗaga nono da rage shi cikin kwana 21”. Kuɗin ɗinkin Salla guda sun tafi a nan. Abin da ta samu shi ne ƙarin ƙaiƙayi.

Wata maƙwabciyarmu Banufiya, ma'aikaciyar jinya, ita ce ta fara ce mata: “Maman yara, wannan fa ciwo ne, kuma likitoci na yin aikinsa.” Wallahi mai karatu, shekara arba'in da 'yan kai a duniya, Yaya ba ta taɓa jin wani ya kira abin da ke damunta da sunan ciwo ba. Wannan na ɗaya daga cikin amfanin zama cikin wasu al'ummu, wani lokaci maƙwabci ne zai faɗa maka abin da ɗan uwa ke jin kunyar faɗi.

Ni na raka ta asibitin koyarwar da aka tura ta, kuma bayanin da likitan fiɗa ya yi mana shi ne dalilin wannan rubutu. Ashe abin da muke haɗawa mu kira “tiyatar nono” aiki uku ne daban-daban.

Na farko shi ne ɗagawa kawai. Nono ba shi da tsoka a cikinsa, kitse ne da jijiyoyin da ke samar da ruwan nono, fata da wasu siraran zaruruwa ke riƙe da shi. In ciki da shekaru da hawa da saukar ƙiba suka miƙar da su, ba sa komawa. Shi ya sa babu man shafawa, ko hulba, ko kunun alkama da zai mai da su yadda suke. Likita na duba inda kan nono yake: daidai da lanƙwasar ƙasan nono ne, ko ya gangara ƙasa da ita, ko ya kai can ƙarshe yana kallon ƙasa. A aikin ɗagawa ana yanke rarar fata, a tattara naman, a mai da kan nono sama. Girman ba ya raguwa sosai, don haka nauyin na nan.

Na biyu shi ne ragewa tare da ɗagawa. Nan ana cire nama da kitse da fata, daga 'yan ɗaruruwan giram har fiye da kilo ɗaya a kowane ɓangare, sannan a ɗaga abin da ya rage. Yankan ko dai ya kewaye baƙin kan nono ya sauko tsaye kamar alawa mai tsinke, ko a ƙara masa wani a kwance a lanƙwasar ƙasa, ya zama kamar harafin T da aka kifa. Wannan na biyun ne aka fi yi wa mai ƙirji babba sosai. Naman da aka cire kuma ana kai shi ɗakin gwaji a duba ko akwai sankara.

Na uku shi ne ɗagawa tare da sa roba, wato wata jaka mai silikon ko ruwan gishiri da ake cusawa a bayan nono ko bayan tsokar ƙirji don saman ya cika. Da Yaya ta tambaya ko ita ma sai an sa mata, likitan ya yi murmushi ya ce wanda kaya ya yi wa yawa ai ba a ƙara masa wani. Robar nauyi ce, kuma fatar da ta riga ta saki ita za ta ɗauke ta. Ya ce mai yalwar nama, ana iya naɗe nata naman a cika saman da shi ba tare da an sa mata baƙon abu ba.

To ga ra'ayina, kuma ban ce dole kowa ya yarda ba. Macen da girman ƙirji ya hana ta barci, ya hana ta sana'a, ya saɓe mata fata, maras lafiya ce, kuma neman ragewa a wurinta daidai yake da neman maganin gwaiwa ko na yanar ido. Bai kamata mu sa ta a layi ɗaya da mai son ta yi kama da wata 'yar fim ba. Ita kuwa roba, ga mai babban ƙirji, ban ga abin da za ta ƙara mata ba sai ɗawainiya.

Ba da ka na faɗi haka ba. Tun 1962 da aka fara sa wa mace robar silikon a birnin Houston na Amurka ake ta kai-komo a kanta. A 1992 hukumar FDA ta Amurka ta dakatar da sa ta don ƙawa, ba ta sake ba da izini ba sai 2006. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika robobinsa da silikon na masana'antu, bayan an riga an sa wa dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da dama, kuma a 2013 kotu ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu. A 2019 kamfanin Allergan ya janye wani nau'in robarsa mai kaushin baya saboda alaƙarta da wata irin sankara da ba a cika samu ba. Ko lafiyayyar roba ba ta zama har abada: tana iya fashewa, naman da ya kewaye ta na iya taurarewa ya yi ciwo, sai an sake shiga ɗakin fiɗa. Matar da ke Kpakungu ko Maitumbi, wadda sai da aka yi karo-karo aka biya aikin farko, wa zai biya mata na biyu?

Na san tambayar da ke ran mafi yawanmu: ba canza halittar Allah ba ne? Ni ba malama ba ce a wannan fage, amma malamai sun yi magana. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya cikin Yulin 2007, ta rarrabe tsakanin tiyatar gyara aibi ko kawar da cuta, wadda ta halatta, da ta canza lafiyayyar halitta don bin son rai, wadda ta hana. Cikin abin da ta halatta har da gyaran nonon da girmansa ya kai ga jawo rashin lafiya. Akwai kuma sanannen labarin sahabi Arfaja bin As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ɗagawa kawai don ƙawa kuwa, nan ne maganar ta fi tsauri, kowa ta tambayi malamin da ta amince da shi, ta kuma gaya masa gaskiyar halin da take ciki.

Kada a ce na yi wa tiyata talla, bari in faɗi ɗacinta. Ana sa mutum barci na awanni, kuma duk aikin da aka yi haka yana da haɗari. Ba mu manta da Stella Obasanjo ba, matar shugaban ƙasa na wancan lokaci, wadda ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 bayan aikin zuƙe kitse a wani asibiti a yankin Marbella na ƙasar Sifen, kuma a 2009 kotu ta samu likitan da laifin sakaci. Nata ba aikin ƙirji ba ne, amma darasin ɗaya ne: tsadar wuri da nisan ƙasa ba su ne ƙwarewa ba. Tabo kuma ba ya ɓacewa, mu baƙar fata ma tabonmu ya fi saurin kumbura ya yi tudu, don haka wadda hujin kunne ya taɓa yi mata haka ta faɗa wa likita tun da wuri. Jin kan nono na iya raguwa. Shayarwa na iya yin wuya, in kuwa girman ya kai sai an cire kan nono an dasa shi, shayarwa ta ƙare. Saboda haka ake ba da shawarar a jira sai an gama haihuwa in hali ya yi, an kuma yaye da wasu watanni. Mai ciwon sukari ko hawan jini sai an daidaita mata shi tukuna.

Haka nan ba kowa ke buƙatar wuƙa ba. Wata rigar mama mai faɗin igiya wadda ta yi mata daidai, da rage ƙiba, da tsane ƙasan ƙirji bayan wanka, sun wadatar da ita. Kuma don Allah a daina ɗora wa shayarwa laifin zubewar nono har ana hana jarirai haƙƙinsu. Binciken da likitoci suka yi a Jami'ar Kentucky ya danganta zubewar da yawan ɗaukar ciki, da shekaru, da ƙiba, da shan taba, bai sami hannun shayarwa a ciki ba.

Wadda ta ga lallai tana buƙata, ta fara da likita a Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB, a duba ta, a rubuta mata takardar turawa. Akwai sashen irin wannan fiɗa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Ta tabbatar likitan na da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma wannan fannin ya ƙware a kai. Duk wanda ya ce zai yi miki a ɗakin otal ko a shago, ko ya yi miki rangwame a Instagram in kin biya kafin Juma'a, ki tuna garin neman gira ake rasa ido.

Maganata ta ƙarshe ga iyayenmu maza ce. Da Yaya ta kai wa maigidanta zancen, cewa ya yi: “Ni ban ce ba ki yi mini ba.” Ta ce masa: “Malam, ai ba don kai zan yi ba, baya ne ke kashe ni.” Sai da ya bi mu asibiti ya ji da kunnensa sannan ya sa hannu, Allah Ya saka masa, shi ya biya kaso mafi tsoka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In matarka ta ce nauyi na damunta, ka saurara. Tsohuwar 'yar wasan tanis ɗin nan ta Romaniya, Simona Halep, tana da shekara 17 aka rage mata a 2009 saboda ciwon baya, daga baya ta ci gasar Faransa a 2018 da ta Wimbledon a 2019. Yayata ba gasa take nema ba, so take ta zauna a kan kekenta ta ciyar da 'ya'yanta.

An yi mata ragewa tare da ɗagawa, ba roba. Ta yi kusan mako shida ba ta ɗaukar abu mai nauyi, gefe ɗaya na ɗinkin ya ɗan jima bai warke ba, tabon kuma yana nan, ba ta ɓoye mini ba. Amma azumin da ya wuce ta yi tarawihi a tsaye tun daga farko har ƙarshe, abin da rabonta da shi an fi shekara goma.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wassalam.