Sharhi: Tsiron da Aka Gani Ba a Je Nemansa Ba



A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran wuraren ɗaukar hoton ciki a nan Bauchi, mutum kan je don ciwon ciki ko tsakuwar ƙoda, sai takarda ta fito da labarin wani tsiro a saman ƙoda. Nan take gida ya rikice, a fara raɗe-raɗin cutar kansa. Ra'ayin wannan sharhi shi ne, wannan tsiro bai cancanci firgita ba, kuma bai cancanci a naɗe takarda a jefa ƙarƙashin katifa ba. Tambayoyi biyu yake bukata, a amsa su har ƙarshe.

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai kama da hula, wadda likitoci ke kira adirinal. Nauyinta kamar giram 5 ne kacal, amma ita ke fitar da sinadaran da ke daidaita bugun jini, gishiri da sukarin jiki. Cikin manya ɗari da aka yi wa hoton CT na ciki, akan ga tsiro a wannan tsoka a jikin kamar huɗu ko biyar, kuma adadin yana ƙaruwa da shekaru. Mafi yawansa lami ne, ba kansa ba.

Tambaya ta farko, mai cin jiki ne? Sau da yawa hoton da ke hannu ya isa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Turai ta fitar a 2016, ta sabunta a 2023, ta ce idan tsiron bai da gauraye, kuma awon kaurinsa a hoton da ba a yi allurar rini ba bai wuce 10 ba, kitse ne ya cika shi, ba sai an sake hoto ba. Wanda ya haura santimita 4 kuma bai cika wannan sharaɗi ba, shi ne abin sa ido. Tambaya ta biyu, yana zubar da sinadari fiye da kima? Don gano haka, ana ba majiyyaci miligiram 1 na maganin deksametason da ƙarfe 11 na dare, a ɗebi jini da 8 na safe. Mai hawan jini kuwa a ƙara masa gwajin sinadarin riƙe gishiri, domin hawan jinin da yawan wannan sinadari ke jawowa, wanda likita Jerome Conn ya bayyana a 1955, yakan warke ko ya yi sauƙi da tiyata.

Wani zai ce, abin da ba ya ciwo, me ya kai talaka kashe kuɗi a kansa? Ƙorafin kuɗi gaskiya ne, amma a yi lissafi: gwaji sau ɗaya ya fi arha a kan shekaru goma ana sayen magungunan hawan jini da suga alhali tushen cutar na nan zaune, ga barazanar shanyewar ɓarin jiki. Wani kuma zai ce, a yanke kawai a huta. Nan ne ake rasa ido garin neman gira. Akwai nau'in tsiron da ke ɓarin sinadarin firgita, mai jawo ciwon kai, gumi da faɗuwar gaba. Idan aka taɓa shi da allura ko wuƙa ba tare da shiri ba, jini na iya hawa har rai ya salwanta.

Ƙa'idar Turai kuma sai an karanta ta da idon ƙasarmu. Idan tsokokin biyu ne suka kumbura, a tuna da tarin fuka, wanda tun 1855 likita Thomas Addison ya gan shi yana lalata su. Sannan mai shan ƙwayar ƙiba daga kemis, ko mai shafa man bilicin, ko mai shan maganin tarin fuka, ya faɗa wa likita gaskiya, don waɗannan na karkatar da sakamakon gwaji.

Saboda haka nauyi na kan kowa. Mai fassara hoto ya rubuta girma da awon kauri a takarda. Likita ya zauna ya yi bayani da Hausar da majiyyaci zai gane. Gwamnati ta sa waɗannan gwaje-gwaje cikin inshorar lafiya. Shi kuma majiyyaci kada ya bar asibiti sai ya ji ɗaya daga cikin biyu: ga magani, ko je ka gida lafiyarka ƙalau.

Sharhin ke nan. Allah Ya ƙara mana lafiya.