Wa ke auna masu auna ɗalibanmu?

Tun da ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin LMD a 2007, digirin masta ya yawaita a jami'o'in Nijar, kuma sau da yawa ana tallarsa da kirarin "haɗakar fannoni": ruwa, ƙasa, yanayi da tattalin arziki cikin kwali guda. Madalla. To amma wa ya bi sawun ɗaliban ya ga abin da suka iya?

Na halarci zaman kare wani kundin bincike kan noman rani. Alƙalan duk malaman fanni ɗaya ne. Sun yi sa'a biyu suna gyaran waƙafi da jerin littattafai, suka ba ɗalibi yabo mai girma, aka tafa, aka ci abinci. Babu wanda ya tambaye shi nawa manomi ke kashewa kafin buhun albasa ya kai kasuwa. Ta yaya fanni ɗaya zai auna karatun fannoni huɗu?

Ga filin jarrabawar gaskiya nan a jihar Tawa. Gandarin Birnin Ƙwanni, fiye da hekta 2.400, yana sha ne daga madatsun Mozage da Zango, waɗanda yashi ke cikewa. Wanda zai yi maganin wannan sai ya san zaizayar ƙasa, ya san rabon ruwa, ya san rigimar gonaki. Albasar Galmi tana ruɓewa a rumbu: rabin matsalar kimiyya ce, rabi kasuwa. Manoman Illela kuwa, da suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989, sun dawo sun inganta tassa, sun rayar da faƙo. Su amfanin gona ne ya yi musu alƙalanci.

Don haka muna kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da abu uku. A sa malamai daga fannoni daban-daban cikin kowane kwamitin alƙalai, tare da injiniyan ONAHA ko wakilin ƙungiyar manoma. A ba aikin fili maki daidai da na rubutu. Kowane sashe ya wallafa inda ɗalibansa suke bayan shekara uku, kafin a sabunta izininsa.

Ɗan kasuwa, harajinka ne. Ma'aikaci, ɗanka ne. Ku tambayi lissafi, ai ranar wanka ba a ɓoye cibi.